Mutumin da Ya Zauna a Bencin Baya

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, Ubangiji ya kira Baba Kafinta gida. A shagonsa ya faɗi, yana cikin gyaran ƙafar kujera. Ranar Juma'a muka binne shi.

Baba, na ji abin da aka faɗa a kanka wajen jana'iza, ban kuma gamsu ba. Dattawan ikkilisiya huɗu suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce kai ka yi bagadi, kai ka yi ƙofofin coci, shekara talatin ba ka makara sujada ba. Duk gaskiya ne. Amma ko ɗayansu bai faɗi inda kake zama ba. To ni zan faɗa.

A cocinmu, wanda ya yi laifi akan sa shi horo. A karanta sunansa gaban jama'a, a hana shi jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a sujada, a tura shi bencin ƙarshe, kusa da inda ake jingine tsintsiya, har watanninsa su cika. Kai dattijo ne, kujerarka tana gaba, mai hannu, kai ka ƙera ta. Sai ka bar ta ka koma bencin nan. Duk wanda aka tura can, kai zai tarar, ka riga ka share masa ƙura da hularka.

Shekara uku da suka wuce ni aka tura, saboda ƙwaya. Na zo da niyyar in yi zama ɗaya in ɓace. Ba ka yi mini wa'azi ba. Ka buɗe littafin waƙa ka riƙe mana tare, kana bin layi da yatsa, ba ka san ni da kaina na koyi karatu ba, har na fi ka sauri. Muryarka kuwa, Allah ya gafarta mini, kamar zarto. Wata shida ina jin ta a kunnen hagu.

Ana ta kukan tarbiyya ta lalace. Ta lalace, ni shaida ne. Me ikkilisiya ta yi? Ta kafa kwamiti. Kwamiti ya shirya taron kwana uku, aka buga riguna, aka ɗauko mai wa'azi daga nesa ya yi mana tsawa a kan wando da kitso. Waɗanda ake maganarsu suna bayan gareji, ba wanda ya taka ya je wurinsu. Da Fasto ya roƙe ka ka dawo gaba, wai zamanka yana rage wa horon nauyi, amsarka gajeriya ce:

"Ranka ya daɗe, mai horon doki ba ya ɗaure shi ya tafi. Yana riƙe da igiya."

Na je na duba kalmar horo a ƙamus don in kama ka da kuskure. Kai ne da gaskiya.

Yanzu ƙanwata ce a bencin. Ciki ta yi, aka ba ta wata shida, saura huɗu. Wanda ya yi mata kuwa yana gaba yana kaɗa jita, babansa na cikin masu karanta sunaye. Saboda kai kaɗai take zuwa. Randa ka rasu ta ce mini ta gama, ba za ta zauna ita da tsintsiya mutane suna waigowa ba. Na san ta: in ta rasa Lahadi ɗaya, ikkilisiya ta rasa ta ke nan, sai kwamiti ya samu abin misali a taro na gaba.

Na yi niyyar tashi in faɗi duk wannan a bakin kabari. Mama, matarka, ta riƙe mini hannu. Jiya a gidan makoki ta kira ƙanwata gaban matan zumuntar coci, ta ce:

"'Yata, ranar Lahadi ki biyo ki ɗauke ni. Gwiwata ba ta kai ni gaba yanzu."

Mama da take zuwa kasuwa a ƙafa. Ƙanwata ta ce to.

Baba, Ubangiji ya ji ƙanka, ya ba ka hutu a wurinsa. Mama, da 'ya'yanki uku da jikoki, Allah ya ta'azantar da ku, ya tsaya muku. Dattawa, ku ma ina yi muku gaisuwa. Bencin yana ɗaukar mutum shida.