Tsargiyar da Na Raina Ta Ci Mini Ƙoda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyar ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu cewa kuɗin tumatir ne ya sa na daina kula mutane, Allah Ya kai mu lokacin. Jinya na yi.

Mu da muka tashi a bakin dam ɗin Ƙaraye, fitsarin jini ba ciwo ba ne a wurinmu. Tsargiya ce, kowa ya yi. Har cewa ake alamar mutum ya zama namiji ce. Da ita na girma, tana zuwa tana tafiya, ni kuma kullum ina cikin ruwa har gwiwa ina ban-ruwa a gonar rani.

Matata Hadiza 'yar Rogo ce, gidansu ruwan rijiya suka sani. Ranar da ta fara lura, ta ce, "Baban Ummi, wannan fa ba lafiya ba ce."

Na ce, "Ke me kika sani a kan ruwa?"

Wannan maganar har yau tana ci mini rai.

Bana abin ya sauya. Mara ta riƙe, kwiɓina na hagu kamar ana soka ƙusa, fitsari sai da yaƙi. Na sha jiƙe-jiƙe, na sha maganin kemis. Ranar da fitsarin ya tsaya cak, ƙanina ya ɗora ni a babur zuwa asibiti, aka sa mini robar fitsari, aka tura mu Kano.

Gwajin fitsari, gwajin jini, hoton ciki. Layi tun safe, ga jakar fitsari a hannu ina ɓoye ta a cikin riga don kunya. Injin ban-ruwana muka sayar.

Likita ta tambaye ni tun yaushe nake ganin jini. Na ce tun ina makarantar firamare, ai mu duk haka muke. Ta ajiye biro ta dube ni.

Na ce mata ni fa ruwan burtsatse nake sha, ba na shan na dam. Ta ce, "Malam, ba ta baki take shiga ba. Ta fata ce."

Ta yi mini bayani: wata tsutsa ce da ido ba ya gani, tana fitowa daga dodon koɗi, ta huda fatar wanda ya shiga ruwa. Ƙwayayenta ne suka toshe hanyar fitsari shekara da shekaru, ƙodar hagu ta kumbura har ta daina aiki.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Tambaya ɗaya nake yi: ta dama fa? Kwana uku muna jiran sakamako, Hadiza ba ta taɓa cewa "ai na faɗa maka" ba. Da ta faɗa ma da na fi samun sauƙi.

Ta dama lafiyarta ƙalau. Alhamdu lillahi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganin tsutsar. Ƙwayoyi ne 'yan kaɗan, a rana ɗaya na shanye. Su ke nan abin da na rasa duk shekarun nan.

Ina godiya ga Allah, ga Hadiza, ga ƙanina, da maƙwabtan da suka yi ta shayar mini da albasa ban roƙe su ba.

Ba zan ce ku bar dam ba, shi ne abincinmu. Amma ku sa dogon takalmin roba, ko ana yi muku dariya. Kada a yi fitsari a ruwa ko a bakinsa, ta nan take komawa ta kama wani. In an kawo maganin tsargiya makaranta, ku bari 'ya'yanku su sha. Wanda kuma ya ga jini, ko ɗigo ɗaya ne, ya je a gwada shi.

Ni na je, amma a makare. Allah Ya ba ni biyu, yanzu ɗaya nake lallaɓawa.