Jinkar Ya'u

Ilu mai ɗaurin jinka mutumin Maigatari ne, kuma duk wanda ya san shi ya san addu'arsa. Yana bisa ɗaki yana baibaya, bakinsa ba ya hutawa: "Allah ka haɗa duniya a hannun sarki ɗaya." Har samari suka riƙa amsa masa da amin tun bai ƙarasa ba, don tsokana.

Ba wauta ce ta sa shi faɗa ba. Ya tashi a zamanin hare-hare, yau mahaya daga arewa, gobe daga gabas. Jinkar da ya ɗaura bana, baɗi ko an ƙone ta, ko masu ita sun tafi da abarsu. Haka mutanenmu ke yi idan mulki ya yi musu zafi: a taru a ciccibi jinka ɗungurungum, a ɗora a ka, a nufi ƙasar wani sarkin. Ilu ya tsani ganin wannan. Shi dai burinsa ya ga jinka ta tsufa a kan ɗakinta.

Da Nasara suka zo, hari ya mutu, har mace kan je kasuwar Gumel ita kaɗai ta dawo da kayanta. Ilu ya ce an amsa masa. Ko da aka kafa wani ƙarfe arewa da gari, aka ce nan na Ingilishi ne, can na Faransa, dariya ya yi. Fatarsu ɗaya, hularsu ɗaya, in ji shi, wa da ƙane ne suka raba gonar gado. Abin da ya shiga kan Ilu kuwa ya shiga ke nan.

Ɗansa tilo, Ya'u, ya auri Hannatu, ya samu gona a ƙauyen su Hannatun, can bayan ƙarfen kaɗan. Ilu da hannunsa ya ɗaura musu jinka, ya zaɓo shuci mai tsawo, ya tanke ta yadda bai taɓa yi wa kowa ba.

Shekarar da Nasara ke yaƙi a ƙasarsu, Ya'u ya zo da hantsi, ya durƙusa.

"Baba, Faransa na kama samari soja. Maƙwabta duk sun ɗaga. Ka zo da mutane mu ciccibo jinkata, in dawo kusa da kai."

Ilu bai ko ajiye igiyar da yake tufka ba. Ya ce, "Ka gudo ina? Gudu na zamanin sarakuna barkatai ne. Yanzu hannu ɗaya ne, wanda zai kama ka can zai kama ka nan. Ga geronka ya fara fitar da kai. Koma ka zauna."

Ya'u bai taɓa musu da ubansa ba. Ya ce to, ya koma.

Kafin girbi aka tafi da shi. Maƙwabtan nan da suka ɗaga kuwa, a bayan gidan Ilu suka sauke jinkunansu. Da idonsa Ilu ya ga masu kamen sun biyo sawunsu har gindin ƙarfen, suka ja linzami, suka tsaya suna kallo, sannan suka juya. Ƙarfen da ya raina, wanda akuya ke sosa jiki da shi, shi ya tsare 'ya'yan mutane. Abin ya ci Ilu, har ya mutu bai daina cin sa ba.

Yaƙi ya ƙare, wasu suka dawo, ba Ya'u. Hannatu ta gaji da jira ta koma gidansu.

Ilu bai ƙara yin addu'arsa ba. Wata rana wani ya tuna masa da ita, sai ya ce, "Ko sarkin nan ɗaya adali ne, ɗansa fa? Allah dai ya bar wa talaka inda zai gudu."

Duk rani yakan tsallake ƙarfen ya je ya tsaya a kangon ɗansa. Jinkar tana nan, ko kara ɗaya bai zame ba. Ta tsufa a kan ɗakinta, kamar yadda ya roƙa.