Malam Sahabi da Tsagar Kwatarkwashi

Shekara shida muka yi ofis ɗaya da Malam Sahabi a sakatariyar ƙaramar hukumar Bunguɗu. Ni Bashar ina buga tafireta, shi kuma yana sashen filaye. Idan mutum biyu suka yi rigima kan iyakar gona, shi ne zai ɗauki igiyar awo ya je, wani lokaci ya raba su, wani lokaci ya ƙara musu. Mutumin Kwatarkwashi ne, siriri mai dogon wuya, kullum da biro uku a aljihu, biyu ba sa rubutu. Har zuwa shekarar 1997 ba a san shi da komai ba sai son dafaffiyar gyaɗa.

A shekarar ne takarda ta zo ana neman mutum ɗaya ya je Jos taron bita kan hotunan tauraron ɗan'adam da agajin gaggawa. Shugaban sashe ya ji an ce garin da sanyi, shi kuwa mai ciwon gwiwa, sai ya tura Sahabi.

Bayan mako guda ya dawo da usur a wuya da wani babban hoto a nannaɗe. Tafiyarsa ma ta canza, yana taka ƙasa a hankali kamar bai yarda da ita ba. A can an nuna musu yadda masana ke hango tsagar ƙarƙashin ƙasa daga sama: dogon layi ne yake fitowa a hoto, kuma inda yake nan ƙasa ta fi saurin girgiza. An nuna musu bidiyon wani birni a Japan inda gadoji suka kife. Daga baya na ji cewa malamin ya ƙara da cewa yankinmu ba ya cikin wuraren da abin ya dama, amma a daidai lokacin Sahabi ya fita alwala. Kowa dai an ba shi hoton yankinsa ya tafi da shi.

Ya shimfiɗa hoton a kan teburina, ya danne gefe da tafireta.

"Malam Bashar, wanga abu, mi ka gani?"

"Layi na gani."

"Layi! Tsaga ce. Duba, ta taso daga wajen Tsafe, ta gitta kusa da duwatsunmu, ta ratsa tsakiyar Gusau, ta miƙe Nahuce. A bisanta muke zaune muna shan hura."

Ya rubuta wa ciyaman rahoto mai shafi tara. Ciyaman ya rubuta a kai, "A duba." Sahabi ya ɗauki wannan a matsayin naɗi. Ya sa na buga masa kati mai cewa Jami'in Girgizar Ƙasa, ya maƙala a ƙirji da fil.

Abu na farko da ya yi shi ne atisaye. Ya nemi izinin mai garin Kwatarkwashi, aka yi shela, ranar Asabar da hantsi mutanen unguwarsu suka taru a bakin hanya. Na je don ya ce yana bukatar shaida. Ya hau kan wani dutse ya yi bayani: da zarar an ji usur, ƙasa ce ta fara rawa, kowa ya shiga ƙarƙashin tebur.

Wata tsohuwa ta ɗaga hannu. "Malam, mu da ba mu da tebur, ƙarƙashin mi za mu shiga?"

Wannan tambayar ba a yi ta a Jos ba. Aka tsaya aka bincika, aka tarar duk unguwar tebur uku ne. Na hedimasta yana kulle a makaranta. Na Ishaya mai kemis durowa ce har ƙasa, ko kyanwa ba ta shiga. Saura na Gambo mai shayi, wanda yake can gefe yana fifita wuta, bai san da shi ake ba.

Sahabi ya busa usur.

Ban taɓa ganin gudu irin wannan ba. Mutum fiye da ashirin suka yi kan teburin Gambo. Na farko suka shige, na baya suka cusa kai, sai teburin ya ɗaga sama ya fara tafiya, da burodi da gwangwanayen madara a kansa, ya nufi hanyar Gusau. Gambo ya bi shi da ludayi yana ihun a tsaya. Tsohuwar nan kuwa ta kifa ƙwarya a ka ta zauna inda take, ta ce ita nata teburin ke nan. Sahabi ya dubi agogo, ya girgiza kai, ya ce minti huɗu ya yi yawa, sai an maimaita. Gambo ya rantse in aka maimaita zai tashi ya koma Tsafe.

A gida ma matarsa Kulu ba ta huta ba. Ya ajiye kwanon ruwa a tsakar gida, ya ja layi da gawayi daidai bakin ruwan, ya ce na'ura ce, in ƙasa ta karkata ruwan zai nuna. Ya hana daka a gidan don kada taɓarya ta rikita awo, sai Kulu ta riƙa kai turminta maƙwabta. Kullum da yamma yakan tarar ruwan ya ja baya, ya rubuta a littafi. Kwana goma sha ɗaya yana rubutu kafin Kulu ta gaya masa kaji ne suke sha.

Daga nan ya ce sai ya ga tsagar da idonsa. Wata Lahadi ya goya ni a babur, muka bi gonaki muna tambayar manoma ko sun ga inda ƙasa ta tsage. Wani ya kai mu ya nuna mana rumbunsa da ya tsage. Wani ya nuna mana diddigensa. Da rana ta take muka gaji, muka zauna a kan ƙarfen layin dogo muna ɓare gyaɗa. Sahabi ya buɗe hoton, ya dubi gabas, ya dubi yamma.

"Bisa ga lissahi, nan ya kamata ta kasance. Amma sun hwaɗa muna, ba a ganinta daga ƙasa. Wannan shi ne haɗarinta."

Na ce Allah ya kiyaye, na ci gaba da cin gyaɗa.

Ganin ciyaman ya yi shiru, sai ya ce za mu kai maganar Gusau, tunda yanzu muna da jiharmu. Aka yi ta tura mu daga ofis zuwa ofis har muka faɗa hannun Madam Esta, wata mai zanen taswira 'yar kudancin Kaduna, mai tabarau da igiya. Ta saurare shi har ƙarshe ba ta katse shi ba. Ta duba hoton, ta cire tabarau ta goge, ta sake dubawa. Sai na ga kafaɗunta suna rawa, tana danne dariya.

"Malam Sahabi, zo nan bakin taga. Ka ga inda akuyar can take kwance?"

"Na gani, Madam."

"A kan tsagarka take kwance. Layin dogo ne."

Sahabi ya daɗe yana kallon akuyar. Sannan ya juyo ya dube ni, na dubi silin. Babu wanda ya ambaci gyaɗa.

Yana ƙoƙarin naɗe hoton ta dafe shi da hannu. Ta ce hoton ba banza ba ne, ya dubi wani baƙin tabo da ke gindin duwatsun garinsu. Kwari ne, duk ruwan da ya gangaro daga dutse nan yake kwanciya. Ta ce in dai agajin gaggawa yake so, ya tabbata ba a yi gini a wurin ba.

Sahabi ya yi tari. "Ai an riga an yanka filaye a nan."

"Wane marar kai ne ya yanka?"

"Wani ne a sashenmu, Madam. Zan yi mishi magana."

Shi ne da kansa ya yanka su watanni huɗu da suka wuce, ni na buga takardun.

Maganar gaskiya, ya yi aiki. Ya bi masu filayen gida gida yana roƙon su karɓi musaya a kan tudu. Da yawa suna hango shi sai su tambaya ko da usur ya zo. Ya yi ta haƙuri yana nuna musu tabon, har goma sha uku suka yarda. Lukuman mai faci ne kaɗai ya ƙi, ya ce tauraron da bai taɓa shan ruwan Kwatarkwashi ba ba zai koya masa inda zai kwana ba. Damina ta 1998 ta zo da ƙarfi, kwarin ya cika taf. Harsashin ginin Lukuman ya zama tafki, kwaɗi suka tare a ɗakin da ya ce na baƙi ne. Babu wanda ya yi ko ƙwarzane.

Mutane suka yi ta zuwa godiya, har da masu kawo dawa. Sahabi ya karɓa ba walwala. Ya ce mini, "Ruwa ai kowa ya san shi, Malam Bashar. Ba shi na karanto ba."

A ƙarshen 1999 ya yi ritaya. Wani ya gaya masa dabbobi sukan ji motsin ƙasa kafin mutum, sai ya sayi zabi ashirin ya zuba a gida. Su kuwa zabi ko ganye ya faɗo sai sun yi kuka. Watan farko ya fita waje da gudu sau ba adadi, sau ɗaya da sabulu a ka. Daga baya ya gaji, ya bar su da kukansu, suka yi ta ƙwai, Kulu ta riƙa dafawa ana kaiwa bakin titi.

Ran da na kai masa ziyara na same shi a gindin bishiyar bedi yana gyaran akurki, ya yi ƙiba har wuyan ya ragu. Muka yi hira kan taki da tsutsar wake. Da zan tafi ya cika mini leda da ɗanyen ƙwai, ya ɗaure a bayan babur ɗina da kansa, ya ce in bi a hankali in na wuce Gusau, akwai rami kusa da gada.