Uwaisu da Injin Jirgin Majema

Malam Uwaisu makanike ne a wata majemar fata a Challawa, ni kuma mai gadin ƙofa. Famfunan ruwa yake gyarawa. Gidansa na tsallaken kogi, da rani da ƙafa yake haurowa.

Wata damina, wajen ƙarshen shekarun tamanin, kogin ya cika da rana tsaka. Wani lebura ya shigo a guje, ya ce ruwa ya zagaye tsibirin da ake lambu, kuma Atika matar Uwaisu tana can wajen tsinkar kuɓewa.

Akwai wani ɗan jirgin ruwa a bayan sito, na wani manaja da ya daɗe da barin aiki. Injinsa shekara da shekaru yana jingine da buhunan gishirin fata. Uwaisu ya ja igiyar tayar da injin, ko motsi.

"Ya cije," ya ce.

Ya cire filogi, ya ɗura kananzir da man birki, ya sa guntun katako yana bugun fistin a hankali.

Lawal mai sito ya ce, "Malam, ku buga da ƙarfi mana, ai ba kan jariri ba ne!"

"In ya tsage, kai za ka goya ni mu haye?"

Daga nan muna jin kogin. Ban taɓa jin ya yi irin wannan kukan ba.

Bayan azahar injin ya saki, ya tashi. Don tsoron kada ya ƙi tashi kuma, Uwaisu ya hana a kashe shi. Haka muka tura jirgin a amalanke, injin na ruri har bakin ruwa. Mu mutanen tudu ne. Ba wanda ya san da ruwan kogi injin jirgi yake hucewa.

Ni da Uwaisu muka shiga. A tsakiyar kogi injin ya yi hayaƙi, ya yi shiru. Gawarwaki na wucewa ta gefenmu, ba duka ne na awaki ba. Ruwa ya juya mu, ya maka jirgin a jikin wata bishiya a ƙarshen tsibirin. Uwaisu ya kai hannu zai kama reshe.

Sai muka ji muryar Atika daga sama: "Malam, ba wannan ba, ya bushe. Kama na dama."

Mu uku muka zauna a kan bishiyar, ruwa na hawowa, har masunta suka iso da kwalekwale gab da magariba.

Da kaka Uwaisu ya kwashe iyalinsa zuwa unguwar Na'ibawa, nesa da kogi. Har ya rasu, in hadari ya haɗu, sai ya ajiye sifana ya tambayi ina Atika.