Kwaɗon Shu a Kasuwar Filinge

Tun da aka kawo ni gidan mijina, a wani ƙauye kusa da Filinge, ban taɓa yin rani da shi ba. Da an gama yankan hatsi an zuba a rumbu, sai ya sauko da tsohuwar jakarsa ta fata ya kama hanyar kurmi cin rani, ba zan sake ganin ƙeyarsa ba sai hadari ya fara haɗuwa. Na tsani jakar nan, wallahi. Sau biyu ina haihuwa ba ya gari, ƙaninsa ne ya yanka ragon suna.

A zamanin soja, bayan farin da ya cinye mana awaki, aka yi ta shela a rediyo cewa kowa ya yi noman rani. Malamin gona ya zo bisa babur, ya yanka wa magidanta filaye a fadama inda ruwa ba shi da nisa, ya raba iri cikin ƴan takardu. Mu shu muka samu, wanda wasu ke ce wa kabeji. Daga ni har maigida babu wanda ya taɓa ganinsa. Ya jujjuya takardar ya ce, "To, zan gwada. In ya ciyar da mu, na zauna. In bai yi ba, motar Lahadi tana nan." Ai kuwa na ci ɗamara, ga ni da ciki na uku. Igiyar guga ta saɓule mini tafin hannu, ko a jikina.

Shu ya tashi, kai, gwanin sha'awa! Kore shar, ya dunƙule kamar an kife ƙwarya. Sai muka zauna jira. Mu manoman hatsi ne, abin da muka sani shi ne ganye ya fara fitowa, abinci ya biyo baya a zangarniya. Kullum da safe maigida zai tsuguna ya leƙa ko ya fara fitar da kai. Shiru. Malamin gona kuwa ko ƙarar babur ɗinsa ba mu sake ji ba. Da wasu suka fara tsagewa, maigida ya ce ga shi nan zai fito, ya sa wuƙa ya raba ɗaya gida biyu. Ya ɓare, ya ɓare, har gindi. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ke, ganye ne har zuciya. Ganye muke ta yi wa ban ruwa." Ran nan da la'asar na tarar ya sauko da jakar yana shafa mata mai. 

Na roƙe shi ya ba ni Lahadi ɗaya. Ran nan kasuwar Filinge ke ci, ran nan kuma motar ke tashi bayan la'asar. Ya yarda, amma da muka loda shu a amalanken jaki sai ya ɗora jakar a sama, wai in abin bai yi ba daga can zai wuce.

Muka shimfiɗa buhu a layin masu hatsi, don nan muka saba. Mutane su zo, su dungure shi da yatsa, su wuce. Wani dattijo mai sayar da wake a gefenmu ya ce, "Wanga abu nawa tiya?" Layin duka aka kwashe da dariya, don a nan komai da tiya ake aunawa, shi kuwa ɗaya ma ba ya shiga. Wata Bafillata mai nono ta sauke ƙwaryarta ta ce in ba ta kyauta ta gwada wa shanu, in sun yarda. Raina ya ɓaci matuƙa. Aka kira azahar ba mu yi ciniki ko ɗaya ba, ganyen ya fara yaushi, maigida sai waiwayen tasha yake.

Cikin fushin nan ne abin ya faɗo mini. Ganye ne? To, sai me! Da me muka rayu lokacin fari in ba tafasa da zogale da yaɗiya ba? Na miƙe na nufi wata mai tuwo, na ce, "Inna, ara mini tukunya da wutarki." Na yayyanka shu, na ɗan tafasa shi, na tsame na matse. Na daka ƙuli-ƙuli da barkono, na yanka albasa, na sa gishiri da ɗan mai, na kwaɗa. Na kai loma ɗaya baki. Wayyo daɗi! Saura kaɗan in yi guɗa a tsakiyar kasuwa.

Bafillatar na fara nema. Na ce, "Ungo, ƙawa, ɗanɗana kafin shanunki." Ta tauna, ta sake miƙo hannu. Wani mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, Bazabarme, ya leƙa kwanon ya ce da ƙarfi, "Kai, kopto!" Haka suke ce wa kwaɗo. Ya ci, ya ɗauki manya guda biyu ko tayi bai yi ba. Kafin in juya an yi mana zobe.

Maigida fa, mutumin da ko jaki ba ya ɗaga wa murya, sai ga shi tsaye bisa amalanke yana cewa, "Ku zo ku ɗanɗana! Na gida ne, daga fadamarmu, da ruwan rijiyarmu!" Ya diro ya karɓi wuƙa, yana yayyankawa yana cika tiya, har da gyara, yana koya wa kowa yadda ake kwaɗawa kamar shi ya ƙirƙiro. Dattijon nan mai wake ma ya samu tiyarsa, na ce masa ga amsar tambayarsa.

Can sai motar ta fara oda a tasha. Na ce, "Malam, motarka." Bai ko waiwaya ba. Ya ce, "Ke, miƙo albasa, ba ki ga mutane na jira ba?"

Cikin makon ya bi garka garka, wato lambunan fadama, yana lallashin maƙwabta masu tumatir da salati da karas su daina zama warwatse. Lahadi ta gaba muka bar layin hatsi muka taru gindin wani gawo, da sharaɗi ɗaya da ya kafa: duk wanda ya kawo abin da mutane ba su sani ba, ya dafa ya ba su su ɗanɗana. Soja suka tafi, ƴan siyasa suka zo da tutocinsu, gindin gawon nan bai daina cika ba. Jakar kuwa iri muke ajiyewa a ciki har yau.

Na haihu ana tsakiyar zafi, ruwa bai ko yi niyyar sauka ba. Ranar suna ina ɗaki na ji an kayar da rago a tsakar gida, na ɗaga labule na leƙa. Shi ne riƙe da wuƙar.