Farantin da Ozella Take Fasawa a Bakin Titi

Ozella Tibbs ba ta tarar da kakanta a duniya ba, amma ta san shi kamar yunwar cikinta. Sunansa Pleasant. Bawa ne da ya tsere daga gonar auduga ya shiga rundunar baƙaƙen fata, kuma yana cikin waɗanda suka sauka garin Galveston na Amurka da shuɗin kaki a watan Yuni na 1865. Gona-gona suka bi da bindiga a kafaɗa suna shaida wa mutane cewa an daɗe da 'yanta su, iyayen gijinsu ne suka danne labarin.

Da ya rasu aka binne shi a bayan cocin ƙauyenmu, ba dutse ba rubutu. Alamarsa irin ta mutanenmu ce: kofinsa na gwangwani, ƙwanson teku, da fasassun tangaran. Duk ranar sha tara ga Yuni, ranar bikin 'yancin bayi, kafin a ɗora nama a wuta, kafin a buɗe jan lemo, Ozella kan je ta fasa faranti ɗaya a kan kabarin, don mutuwa ta tsaya nan, kada ta biyo sauran 'yan gida.

Ƙanenta Lemuel ba ya barin ta ta wuce lafiya.

"Yaya, saura faranti nawa a gidan nan? Na gaji da cin wake a murfin tukunya."

"Kai da ba ka da haƙori ko ɗaya, ina ruwanka da faranti?"

A 1958 wasu Turawa suka zo suna kafa ƙananan jajayen tutoci. Layin ya taso daga bakin rafi, ya ratsa gonar kankana, ya miƙe sak cikin maƙabarta. Aka ce babban titi ne zai wuce. Duk kabarin da ke da alama za a tone a mayar da shi tudu, wanda ba shi da ita kuwa a zuba masa kwalta. Ma'aikacin da zai ƙirga zai zo ranar Litinin.

Ranar Asabar Ozella tana kwance da ciwon ƙafa. Ba wanda ya gaya mata cewa Vernice, 'yar Lemuel, ta tara matan coci sun shiga maƙabartar da fartanya da tsintsiya.

Safiyar Litinin Ozella ta dogara sanda ta isa. Wurin ya yi fes, an aske ciyawa ƙasa ta fito sumul. A gindin shinge ga tarin tangaran na shekara da shekaru, kofin gwangwani a samansa.

"Goggo, ba ma so Turawan nan su ce a juji muke binne mutanenmu," in ji Vernice, muryarta tana raguwa.

Ozella ba ta ko dube ta ba.

Ma'aikacin ya gama zagaye. "Talatin da ɗaya."

"Da biyu," in ji Ozella. "Akwai soja a nan."

"Nuna mini, baba."

Shekara hamsin tana zuwa wurin, amma farantan take bi, ba ƙasar ba. Ta yi gaba, ta dawo, ta sake yin gaba. Can ta dangwara sandarta. "Nan."

Aka haƙa har tsayin mutum, ba a ga komai ba sai jar laka. Mutumin ya duba agogonsa, ya ce rami ɗaya aka ba shi izini.

Kafin wani Yunin titin ya miƙe. Ozella ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, ba ta taɓa yarda an bi da ita ta kansa ba. Ranar biki, mutane na can suna rera waƙa, ita tana bakin kwalta da farantinta, manyan motoci na wucewa suna kaɗa mata riga. Sai ta fasa, ta tsaya tana kallon inda ɓaraguzan suka watsu.

Bayan rasuwarta Vernice ce ta karɓa. Ita ce kakata. Bara tsufa ya ci ƙarfinta, farantin ya faɗi bai fashe ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juyo ta kalle ni.