Rediyo Biyun Kawu

Jiya a kasuwar Tokpa na bi ta gaban wani mai gyaran rediyo, warin dalma ya doki hancina, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Rediyo biyu yake kunnawa a shagonsa na Zongo. Babbar tana bakin ƙofa, tana zuba waƙoƙin juyin juya hali don 'yan kwamitin unguwa, masu kai wa gwamnatin ƙasar rahoton jama'a, su ji. Ƙaramar tana ƙarƙashin tebur, ta kamo Kaduna, muryarta kamar raɗa.

Wata rana na kai masa abinci, na ce, "Kawu, ɗaya ba ta isa ba?"

Ya ce, "'Yata, waccan ta zaman lafiyata ce. Wannan kuwa ita ke gaya mini wa ya rage a gida."

Ban kai ga ɗauke kwanon ba ƙaramar ta karanto sanarwar rasuwar ƙanensa a Zariya. 'Yan kwamiti na zaune a tsallaken titi, don haka bai kashe babbar ba. Ganguna na tashi, hawaye na bin gemunsa, yana salati a hankali.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya sauke ka inda ba sai ka rage murya ba.